Koyon Tsayuwa

Ranar Talata aka sauke shi a Hawiyya, bayan Ɗa'ifa,
shekara huɗu, haƙarƙari a fili kamar saƙar kwando.
Takardarsa ta ce Barƙu, wato walƙiya.
Tsere tara, ko ɗaya bai ci ba.
Mai gona ya ce, "Yahuza, ga naka.
In ya gyaru 'yata ta hau, in ya ƙi, kasuwa na nan."

Na dube shi, ya dube ni da ido ɗaya,
ɗayan yana kan ƙofa.

Gaba kaɗai ya sani.
Ka ja linzami, a wurinsa "ƙara wuta" ka ce.
Kafin ƙafarka ta sami likkafa ya yi nisa,
don can ba a hawansa a tsaye,
yana tafe ake cilla masa yaro a gadon baya.
Hagu yake juyawa, hagu kawai,
wuyansa ta dama busasshen kirya ne.

Wata biyu sirdi na rataye a ƙusa.
Doguwar igiya, ni a tsakiya kamar turke,
shi yana kewaya ni, yana cigiyar layin ƙarshe.
Babu shi, ɗan'uwa.
Ba kowa a gabanka, ba kowa a bayanka,
ƙurar da kake gudu taka ce.

Ban gaya masa ba, amma ina jin ya sansano:
ni ma na yi wannan gudun.
Shekara goma sha ɗaya ina raba gurasa biyu
saboda tsoron ma'auni,
har ranar da kwana ta uku ta karɓi kwankwasona.
Ƙarfe uku ke cikin cinyar nan,
su ke tashe ni da asuba kafin ladan.

Kakana da ƙafa ya zo daga Haɗeja,
shekara bakwai, yana noma a hanya yana ƙara gaba.
Da ya ga hotona a kan doki, cewa ya yi,
"Sauri kan haifi nawa."
Na yi dariya a lokacin.

Sannu a hankali wuyan ya fara laushi.
Ya koyi cewa dunduniya a ciki ba zagi ba ce,
ya koyi sassarfa mai lissafi, ɗaya, biyu,
ya koyi sauke kai ya tauna ƙarfe har kumfa ta fito.
Tsayuwa ce ta fi ba mu wuya.
Ƙafa huɗu a ƙasa, ba dalili,
sai don an ce a tsaya.

Wata safiya iska ta maka ƙyauren ƙarfe.
Ƙarar ta shiga kunnensa da tsohon harshe,
ya zabura.
Hannuna ya so ja. Na hana shi.
Na saki linzami, na zauna da nauyina duka,
na fitar da numfashi kamar mai hura shayi.
Muka wuce rijiya, muka wuce rumman,
sai dab da shingen wardi
ya rage, ya rage, ya tsaya don kansa.
Kunne ɗaya ya juyo baya yana tambaya:
ina bulalar?

Yanzu Ruwaida ke hawansa bayan la'asar.
Yarinyar ba ta kai nauyin buhun sha'ir ba,
amma in ta matsa ƙafa yakan ratsa fili a karkace,
kofato na tsallake kofato,
kamar mai keta sahu yana gudun taka sallayar wani.

Ran Juma'a da yamma, in iska ta biyo ta gabas,
takan kawo mana muryar lasifika daga filin tsere.
Mu biyu mukan ɗaga kai.
Shi yake fara mayar da baki cikin harawa.
Ni sai shayina ya huce.